Manga Ya Fita Duba Layi

Lokacin da aka mayar da Jalingo hedikwatar jiha a shekarar 1991, an kawo mata gwamna da kwamishinoni da manyan hafsoshi da na'urorin sanyaya ɗaki masu yawan gaske, sai dai ba wanda ya tuna ya ƙara mata wutar lantarki. Wutar tana zuwa ne daga nesa, a kan layi ɗaya tak mai ratsa daji, wanda iska ke iya kayar da sandarsa, ko reshe ya faɗo masa, ko kuma can inda ake turo ta wani ya ga dama ya rage. Idan ta iso, takan sauka a wata ƙaramar tasha a bakin gari, inda ma'aikata biyu ke zaune gaban allon makunnai suna raba ta unguwa-unguwa. Ba su da hannu a zuwanta, ba su da hannu a tafiyarta. Amma su ne ake iya samu a zaune.

A cikin masu shan wutar akwai wani babban hafsan soja da gidansa ke kan tudu a unguwar manya. Ma'aikatan tashar ba sa ambaton sunansa, Mai Tudu suke cewa. Yana da janareta, amma ƙararsa tana hana shi barcin rana, kuma ya ɗauki ɗaukewar wuta a gidansa a matsayin raini. A farkon zuwansa, da an ɗauke, Landirobar sojoji kan zo tashar ta kwashi duk wanda ta tarar, har da mai gadi, har da wani bawan Allah da ya shigo tambayar hanya. Da aka kai ƙorafi, hafsan, wanda ya yi kwas a ƙasar waje kuma ya tsani abin da ba shi da tsari, ya ba da umarni a rubuce cewa daga ranar mutum ɗaya za a riƙa kawo masa, wato wanda sunansa ke cikin rajistar aiki ta wannan yinin. Kowa ya yarda cewa an sami ci gaba.

Wanda sabon tsarin ya fara faɗawa kansa shi ne wani ma'aikacin tashar mai suna Tobias. Ya yi kwana biyu a gadirum, ɗakin da sojoji ke tsare masu laifi, ya dawo da kai aske da kwalba, ya yi mako guda ba ya iya zama a kan kujera. Da ya warke bai yi wa kowa sallama ba, ya tattara iyalinsa ya koma gona.

Washegarin tafiyarsa Saleh ya tsaya gaban rajista da biro a hannu, ya daɗe bai rubuta komai ba. Saleh shi ne babba a masu aikin rana, mutumin unguwar Turaki, mai 'ya'ya biyar, wanda bai taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba ko a matsayin mai shaida. Rajista ba ta zama babu suna, domin manaja yana duba ta kowane ƙarshen wata. Daga ƙarshe ya sunkuya ya rubuta: Manga.

Manga mutum ne na gaske. Shi ya koya wa Saleh aikin, shi ya nuna masa yadda ake taɓa ƙarfe da bayan hannu kafin a kama shi, shi ya kai takardarsa gun bature har aka ɗauke shi. Ya yi ritaya tun kafin a yi jihar, ya koma garinsu Lau, idanunsa sun fara dushewa, kuma shekara huɗu ba wanda ya gan shi a Jalingo. A lissafin Saleh, sunan yana nan ajiye ba mai amfani da shi.

Dabarar ta yi aiki fiye da yadda ya zata. Idan wuta ta tafi, Sajan Joseph, wanda aka ɗora wa aikin kamun, yakan shigo ya buɗe rajista ya ce, "Ina Manga?" Sai a ce masa, "Ya fita duba layi, Oga." Layin kuwa ya fi tafiyar yini biyu a ƙafa. Sajan yakan zazzaga zagi, ya harbi kujera, wani lokaci ya mari na kusa da shi don kada zuwan ya tashi a banza, sa'annan ya tafi. Sauran ma'aikata suka ɗauka, dare da rana Manga ke bakin aiki. Manaja yana sa hannu a ƙasan kowane shafi da kan biro kawai, idonsa na kallon taga. Cikin shekara biyu an zo neman Manga sau goma sha bakwai. An ce Mai Tudu ya haddace sunan, an kuma ce sau biyu Sajan da kansa ya sha gwale-gwale a rana saboda ya koma hannu wofi.

Wata Alhamis cikin watan Maris na 1995, wajen ƙarfe goma sha biyu, zafi ya kai har ƙadangaru sun nemi inuwa, Saleh yana zaune gaban allo tare da abokin aikinsa Barnabas, sai aka yi sallama a bakin ƙofa. Ya san muryar kafin ya juya.

Tsoho ne dogo cikin farar riga wankakkiya, da sanda a hannu ɗaya da kwali ɗaure da igiya a ɗayan. Ya tsaya yana lumshe ido yana neman inda mutane suke.

"Saleh yana nan kuwa?"

"Baba Manga!" in ji Saleh.

"Jam na, ɗana? Kana lafiya? To, ashe ba su kore ka ba." Tsohon ya yi dariya ya miƙa kwalin. "Ga bandar kifi, ta Binuwai ce, ba irin ƙashin da ake sayar muku a nan ba. Ka kai wa matarka Suwaiba. Na zo ganin likitan ido ne, an ce in koma ƙarfe biyu, na ce ba zan zauna a kan bencin asibiti ina jin tarin mutane ba alhali tashar nan, gidana, tana kusa."

Barnabas, wanda bai taɓa ganin Manga ba sai a rubuce, ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya dubi tsohon, ya dubi rajistar da ke buɗe a kan tebur, inda Saleh ya rubuta sunan da ƙarfe bakwai na safe da tawada shuɗiya. Ya sa hannu a hankali ya rufe ta.

"Baba, nan akwai zafi," in ji Saleh. "Tashi in kai ka gida a kan babur, ka ci abinci ka huta, yara su gan ka."

"Ka bar aiki ka kai ni gida? Haka na koya maka?"

"Barnabas yana nan."

"Mutum ɗaya ba ya zama gaban allo. Zauna." Manga ya laluba ya sami benci ya zauna, ya ɗaga kai yana sauraren gurnanin taransfoma da ke bayan ɗakin. "Kun yi mata lodi da yawa. Ji yadda take nishi. A zamaninmu da waƙa take yi."

Saleh ya zauna. Ya dubi agogon bango, saura awa ɗaya da rabi. Sau da yawa wuta takan yi kwana uku ba ta motsa ba, ya gaya wa kansa, kuma babu iska, babu hadari. Ya kawo wa tsohon ruwa, ya amsa tambayoyinsa a kan waɗanda suka mutu da waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki, amma idonsa bai bar allurar mita ba. Duk lokacin da ta ɗan girgiza sai ya ji zuciyarsa ta bi ta. Sau biyu ya buɗe baki zai faɗa masa gaskiya, sau biyu ya rasa ta inda zai fara. Ta yaya mutum zai gaya wa wanda ya koya masa aiki cewa shekara biyu ke nan yana ɓuya a bayan sunansa?

Da ƙarfe ɗaya saura minti goma gurnanin ya tsaya. Fanka ta yi juyi uku ta daina.

"Oga Saleh," in ji Barnabas cikin raɗa, "wuta ya tafi."

"Daga can inda ake turo ta ne," in ji Manga da natsuwa. "Ba naku ba ne. Ku buga musu ku ji."

Kafin Saleh ya kai hannu, tarho ya yi ƙara. Ya ɗauka. Wata murya daga gidan tudu ta ce Oga yana da baƙi daga hedikwatar soja, suna tsakiyar cin abinci, kuma mota ta riga ta taso. Aka kashe. Ya buga ofishin manaja, masinja ya ce manaja ya fita taro yanzun nan, har ya manta hularsa.

Daga gidan tudu zuwa tashar tafiyar minti bakwai ce. Saleh ya kama hannun tsohon.

"Baba, tashi mu tafi. Don Allah tashi."

"Wuta ta tafi kai kuma za ka tafi? Me ya same ka ne yau?"

"Babur ɗin yana gun mai faci, Oga Saleh," in ji Barnabas. "Ka manta?"

Ya manta. Bayan tashar waya ce mai ƙaya, gabanta hanya ce ɗaya, ita ce kuma motar za ta biyo. Barnabas ya durƙusa gaban tsohon yana haki.

"Baba, ka ji ni. Sojoji zai zo yanzu. Idan ya tambaye ka, ka ce sunanka Ɗantani, ka zo sayar da kifi."

Manga ya juya fuskarsa wajen muryar. "Kai ɗan wane ne? Shekarata saba'in da ɗaya, ubana ya yanka rago ya sa mini suna, yau kai za ka sake mini? Na yi sata ne?"

"Ba haka ba ne, Baba, wato..."

Ƙarar birki ta katse shi. Saleh ya ji buɗewar ƙofofin mota, ya ji takalma a kan tsakuwa. Ya so ya tura tsohon bayan allo, amma can wayoyi ne tsirara, kuma wuta tana iya dawowa ba sallama.

Sajan Joseph ya shigo da sojoji biyu a bayansa. Gajere ne kakkaura, da dorina naɗe a hannu. Bai ko dubi kowa ba, ya nufi tebur ya buɗe rajista kamar mai aikin da ya gundure shi, ya dangwala yatsa.

"Ina Manga? Yau ma ya fita duba layin ubansa?"

Barnabas ya ja numfashi zai ba da amsar da aka saba.

"Na'am," in ji tsohon daga kan benci. "Ga ni. Wa ke nemana?"

Sajan ya juyo a hankali. Ya dubi sandar, ya dubi farar rigar, ya dubi idanun da suka yi fari-fari.

"Kai ne Manga?"

"Ni ne."

"Manga na wannan tasha?"

"Shekara talatin da biyu na yi a cikinta, samari."

Sajan ya yi wata dariya marar daɗi. "Allah na gode maka. Shekara biyu! Saboda kai na yi tsallen kwaɗo a gaban yarana. Kofur, ɗauke shi."

Sojojin suka kama tsohon ta hammata biyu suka ɗaga. Sandarsa ta faɗi ta yi ƙara a kan siminti. Saleh yana tsaye jikin allo. Ya tuna bayan Tobias ranar da ya ɗaga masa riga ya nuna masa. Ya tuna 'ya'yansa biyar, ɗaya bayan ɗaya. Wani abu a cikin kansa yana gaya masa, cikin murya mai hankali irin ta ofis, cewa tsoho ne, za su ji kunyar dukansa, ƙila su tsare shi awa ɗaya su sake shi. Ya san ƙarya ne, domin mai gadin da suka taɓa kwasa ya girmi Manga. Duk da haka bai motsa ba. Ya bari suka ja shi taku ɗaya, biyu, har bakin ƙofa.

A nan Manga ya waiwayo, ba daidai inda Saleh yake ba, ɗan gefe kaɗan. Bai ɗaga murya ba.

"Saleh, katin asibitin yana cikin aljihuna na dama. Zo ka cire, ka je ka ce wa likita a ba wani layina. Kada a jira ni a ɓata wa mutane lokaci."

"Oga Sajan," in ji Saleh.

Ba wanda ya ji. Ya sake faɗa, wannan karon da ƙarfi har ya tsorata kansa.

"Oga Sajan, ku sake shi. Ya yi ritaya tun 1989. Yau ne ya fara taka nan a shekara shida. Ni nake rubuta sunansa."

"Ka ce me?"

"Ka dubi rubutun, nawa ne. Ni ne a bakin aiki yau. Duk ranakun da ka zo da rana, ni ne."

Sajan ya koma ga rajistar, ya buɗe shafuka baya, ya buɗe, ya buɗe. Sa'annan ya tako har gaban Saleh, ya tsaya kusa sosai har Saleh yana jin warin taba a numfashinsa. Marin da ya sauka a kunnensa na hagu bai gan shi ba, ya dai tsinci kansa a ƙasa yana jin wani dogon fito a cikin kai.

"Kai ne kake wasa da hankalina? Kana kallona ina zuwa ina komawa kamar ɗan aike?"

Ya ɗaga dorinar, sai kuma ya tsaya da ita a sama. Saleh yana kallonsa daga ƙasa, ya ga fuskarsa ta sauya, ya gane cewa Sajan ya fara tunani, kuma ya ga abin da bai taɓa zaton gani a wannan fuskar ba, wato tsoro. Idan ya kai wa Mai Tudu makahon tsoho a gaban baƙi daga hedikwata, za a yi dariya, kuma Mai Tudu ba ya yafe dariya. Idan ya je ya ce babu wani Manga, ma'aikatan wuta ne suka raina masa hankali sau goma sha bakwai, to igiyoyin da ke hannun rigarsa ba za su kwana ba.

Ya sauke dorinar. "Ku saki baban nan. Ba shi sandarsa." Ya tsuguna gaban Saleh, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Takarda ta ce in kawo Manga. Daga yanzu kai ne Manga. Ka ji? Ko Oga ya tambaye ka, ko wani, ko a mafarki. Ranar da wani suna ya fito daga bakinka, ni da kai mun shiga uku, amma kafin nan zan je har inda tsohon nan yake in ɗauko shi. Ina ne garinku, Baba?"

"Lau," in ji Manga, wanda bai iya ƙarya ba ko a lokacin da take da amfani.

"Lau. Na san hanya. Tashi, Manga."

Saleh ya tashi. Yayin da ake tura shi cikin motar ya ji tsohon yana tambayar Barnabas, "Sunana ya rubuta? Don me?" Bai ji amsar ba.

Wuta ta dawo da kanta wajen la'asar, lokacin ana aske masa kai a bayan gadirum. Ya ga ƙwan fitilar baranda ya kama da sauran rana, ba wanda ya damu ya kashe. Aka sa shi tsallen kwaɗo daga bakin ƙofa zuwa gindin mangwaro har ƙafafunsa suka daina amsa masa, aka yi masa abin da aka yi wa Tobias, ba ragi ba ƙari, domin wurin yana da tsari. Dukan ya zo masa da sauƙi a kan kiran suna. Safe da yamma wani kofur yakan tsaya da takarda ya kira, kuma kowane lokaci akwai ɗan tsaiko kafin Saleh ya tuna cewa da shi ake. A cikin wannan ɗan tsaikon yakan ga idon Sajan a kansa daga nesa, yakan ga Landiroba a kan hanyar Lau. Ya koma maimaita sunan a zuci kamar mai tasbihi, yana tsoron barci kada a tashe shi ba shiri ya amsa da na gaskiya.

Rana ta biyu aka wanke masa fuska aka kai shi gidan tudu. Aka tsayar da shi a rana a gaban baranda. Sanyin na'ura yana fitowa ta ƙasan ƙofa yana taɓa masa yatsun ƙafa. Bayan awa ɗaya Mai Tudu ya fito da jarida a hannu, mutum ne siriri mai tabarau, da ka gan shi ka ce malamin makaranta ne.

"Sunanka?"

Sajan yana tsaye a gefe ƙam, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Manga, ranka ya daɗe."

"Manga wa?"

Wannan ba su shirya ta ba. Saleh ya san sunan mahaifin tsohon, ya sha ganinsa a takardu, kuma ya san idan ya faɗa ya ba su cikakken adireshin mutum.

"Manga kawai ake ce mini, ranka ya daɗe."

Hafsan ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce ya zaci ya fi haka girma, ya koma ciki ya rufe ƙofa saboda sanyi na fita.

An sake shi ranar Lahadi da hantsi, bayan ya dangwala yatsa a ƙarƙashin sunan Manga cewa an yi masa gargaɗi kuma ya gode. Suwaiba ta gasa masa baya da ruwan zafi ba ta tambaye shi komai ba. Barnabas ya zo da yamma ya ce shi da kansa ya raka tsohon asibiti, ya kuma sa shi a motar Lau washegari. Tsohon bai bar saƙo ba. Ya dai tambaya ko akwai wanda zai kai wa Saleh abinci, sa'annan ya shiga motar.

Ranar Litinin Saleh ya koma aiki yana tafiya a hankali, kunnensa na hagu toshe da auduga. A kan teburinsa ya tarar da ambulan daga ofishin manaja. Takardar tuhuma ce, an buga ta da kyau, kwafi uku. Ana so ya yi bayani cikin awa ashirin da huɗu a kan dalilin da ya sa bai zo aiki ba ranar Juma'a da Asabar ba tare da izini ba, kasancewar binciken da ofis ya yi ya nuna cewa ma'aikacin da hukuma ta tsare a waɗannan ranaku wani ne mai suna Manga.

Ya karanta sau biyu. A waje wata mota ta rage gudu a bakin ƙofar tashar, ya daina numfashi har ya ji ta wuce. Sa'annan ya ɗauki takarda ya rubuta, cikin ladabin da aka koya masa, cewa zazzaɓi ne ya kwantar da shi, yana ba da haƙuri, kuma hakan ba zai sake faruwa ba.